Yadda Aka Raba Mana Iska A Benenmu

Ni na fara hango wannan rigimar, tun masu digiri suna minshari. Ban taɓa zama a aji ba, amma na ga jiya na ga yau, kuma har gobe da haƙorana nake tauna.

Jiya da safe 'yata ta kira ni ta bidiyo don in ga jaririn da ta haifa. Kunne na gani, sai hoto ya daskare. Kunne kawai, jama'a! Dalili kuwa, a benenmu kowane ɗaki da akwatin waifai na intanet, kuma duk sun cunkushe a tasha ɗaya kamar tumaki a bakin rijiya.

Tun bara muke kai kuka. Masu girma, Allah ya ƙara wa kujerunsu laushi, suka kafa kwamiti. Kwamiti ya tare a otal yana nazari, sai jiya da yamma ya dawo mana da tumbi da shawara: kowa ya rage ƙarfin akwatinsa, a kuma ware sabuwar tasha fes don larura kaɗai. Wanda ya kiyaye, me zai samu? Godiya. Wanda ya karya fa? Za a duba.

Na ce wa maƙwabcina tela, "An ba kura ajiyar nama."

Ya ce, "Haba Baba, ai duk mun rantse!"

Na ce, "Kai ka rantse. Ka leƙa zuciyar mai askin benen nan?"

Ya hau sosa ƙeya.

Gari na wayewa, tela ya lallaɓa tashar larura don kada mai aski ya riga shi. Mai aski ya riga ya tafi don gudun kada maƙwabcinsa direba ya riga shi. Direba kuwa can ya tarar da sakataren kwamiti yana kallon ƙwallo. Ni ko taɓa akwatina ban yi ba. Tsohuwar tasha ta zama fayau, ni kaɗai kamar mai gonar gado. Na kira 'yata, na ga jikana tun daga ka har tafin ƙafa. Hancina ya ɗauko sak, har ya yi mini hamma.

Tela ya ƙwalo mini kira ta taga, "Baba, naka yana tafiya?"

Na ce, "Ina fa, ɗana! Haƙuri dai muke."

Wanda ke musu ya hawo bene ya same ni, in kira masa yaron ya ƙirga yatsunsa da kansa. Amma kada ya tambaye ni lambar tashar. Tsufa ya zo, mantuwa ta yi mini yawa.