Aron Ƙwan Gauraka

A wani daji na bakin fadama, dabbobi suka lura 'ya'yansu ba su san dajinsu ba. Ɗan zomo ba ya bambanta kanya da ɗinya, 'yan kurciya kuwa duk mai dogon wuya balbela ce a wurinsu. Aka yi taro, aka kafa kwamitin kayan koyarwa. Gwanki ya zama shugaba saboda ƙahonsa, Gafiya ta zama ma'aji, don ba ta iya ganin abu ta bar shi inda yake.

Suka share kogon wata kuka, suka jera ganyaye, saiwoyi da saɓar maciji. Sai Gafiya ta ce saura abin da ba a samu ko'ina, wato ƙwan gauraka. Gauraka ɗaya ce ta rage a dajin. Mijinta ya mutu farkon damina, ya bar ta kwance kan ƙwai ɗaya tak.

Gwanki ya je da tawagarsa, ya yi ta'aziyya a gurguje, ya ce, "Inna Gauraka, irinku ya kusa ƙarewa, abin yana hana mu barci. In yaranmu ba su san ku ba, wa zai kare ku gobe? Aron ƙwan nan muke so, kwana uku kacal. Alhamis za a buɗe ɗakin kayan koyarwa, an riga an gayyaci baƙi."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ku ba ni kwana goma. In ya ƙyanƙyashe ni da kaina zan kawo shi, yara su gan shi yana tafiya."

Gafiya ta nuna cewa ɗan tsako ba ya zama inda aka ajiye shi. Wani ya yi gunagunin cewa akwai masu ƙin ci gaban yara. Wannan magana ta yi wa Gauraka nauyi. Kunya ta ci ƙarfinta, ta ɗaga daga kan ƙwan, suka ɗauka.

Kwana ukun nan tana tsaye bakin kogon. Ta roƙa a bar ta ta ɗan kwanta a kansa, aka ce doka ta hana taɓa kayan koyarwa. Tana jin Malam Damo, malamin yaran, yana cewa, "Ƙwai sai da ɗumin uwa. In ya yi sanyi ya mutu." Yara suna maimaitawa da ƙarfi, baƙi suna tafi.

Aka maido mata ƙwan kan lokaci, har da godiya. Yana da sanyi kamar dutsen rafi. Ta sani sarai, amma ta kwanta a kansa wata guda cur, ba mai iya haɗa ido da ita. Ran da ta tashi ta bar dajin, Gafiya ta je ta ɗauko ƙwan don kada ya lalace a banza.

A jarrabawar ƙarshen shekara aka tambayi abin da ke kashe ƙwan gauraka. Duk yaran sun ci.