Man Shafawar da Kwatar Masallaci Ta Shanye

"Ina gajiyar zaman banza kuma, Angona? Ina fata ba ta yi maka yawa ba."

"Gajiya da sauƙi, Amarya. Ke ce dai kika yi nauyin ƙafa, tun safe nake baza ido."

"Yau kuma kai ne mai yi wa wani gorin ƙafa?"

Malam Yusha'u ya yi kamar bai ji tsokanar jikarsa ba. Yana zaune a kan tabarma ƙofar ɗakin da ɗansa ya ba shi a cikin garin Birnin Gwari, ƙafafu a miƙe kamar itacen girki. Tun da 'yan bindiga suka tashe su daga Kakangi yake nan, yana cin tuwon gari yana ƙorafi. Yanzu an ce hanya ta ɗan lafa, tsaransa sun fara komawa gonakinsu, shi kuwa ƙafa ta ce ba da ita ba. Kullum sanyi ƙalau, 'yan yatsun kamar na aro. Likita ya ce jini ne ba ya sauka sosai, ya ba shi ƙwayoyi da wani mai na shafawa. Ɗansa kuma ya yanke magana: in jikarsa Saliha, wadda ke kula da maganin, ta ce ƙafa ta yi kyau, za a ɗora shi a babur kafin shuka. In ta ce a'a, to bana ma a gari zai yi damina. Yau za ta faɗa, shi ya sa tsohon ya kafa sabuwar hula tun da sassafe.

"Ina man da na kawo maka ranar Juma'a?" in ji Saliha.

"Ya yi aikinsa ya tafi."

Ya zaro robar daga ƙarƙashin tabarma, a matse shafal kamar mota ta bi ta kanta.

"Wannan na wata guda ne fa. Da koko kake sha?"

"Ke yarinya ce. Ƙafar da ta taka daga Kakangi zuwa Randagi ta dawo tuwo bai huce ba, ai ba ƙaramin mai za ta ci ba. Ni ne fa na taɓa bin gada a dajin Kamuku har ta tsaya ta ba ni haƙuri."

"Yanzu fa?"

"Yanzu kam daga nan zuwa bayan gida sai na ya da zango biyu. Kafin in tashi ma sai na yi sallama da mutanen gida, don ban san ranar dawowa ba."

Saliha ta ƙyalƙyale da dariya, ta zauna a bakin tabarmar.

"To ni na san inda man ya tafi. Malam Abdulsalam ladan ya tare ni a hanya. Ya ce in tambaye ka, me ya sa kwatar famfon masallaci take ƙanshin asibiti tun da satin nan ya kama?"

"Abdulsalam munafuki ne. Hancinsa ya fi muryarsa aiki."

"Ya ce kwaɗin da ke cikin kwatar yanzu sun fi kowa lafiyar ƙafa a garin nan. Ɗaya har katanga ya tsallake."

Tsohon ya gyara hula, ya ga dai babu wurin ɓuya.

"To tsaya ki ji hikimar. In an kusa kiran salla sai in lafta shi da yawa, ƙafa ta ɗauki ɗumi. Sai in wuce ta gaban tsofaffin nan na bakin benci ina taku ɗai-ɗai, sanda a kafaɗa, don su je su gaya wa babanki sun gan ni."

"In ka isa masallaci fa?"

"Sai alwala mana. Kin taɓa ganin ruwa ya zauna a kan maiƙo? Ai sai na sa sabulu na dirje shi tas, kada in yi salla da rabin alwala."

"Sau biyar a rana?"

"Har da walaha."

"Wayyo ni Saliha. Miji na samu ko aiki?"

"Ashe kwata nake jinya ban sani ba," ya ce yana girgiza kai. "Allah Ya ba ta lafiya, ta ji daɗin hannuna."

"Ba a gabanka likita ya ce bayan isha'i za ka shafa, ka sa safa, ka bar shi ya kwana ba?"

"A gabana ne. Amma lokacin ina kallon agogon hannunsa, ina tunanin buhu nawa na dawa zai saya."

"Wallahi sakinka zan yi."

"Mace ke saki yanzu? To ki yi, 'yan mata na nan a layi. Jiya ma wata ta gaishe ni sau biyu."

"Hanya ka tare mata, tana jira ka gama wucewa."

Ya yi dariya har da tari. Da tarin ya lafa sai ya rage murya, don gaskiya abin na cin ransa.

"Amarya, ki ce wa babanki na warke. Me zai rage ki? Damina uku ke nan ina jin ƙanshin ruwan farko daga kan tabarmar wani. Ni ba a haife ni don kallon bango ba."

Saliha ta miƙa hannu ta zaro tsinke daga jikin tsintsiya.

"Rufe idonka. In ka faɗi yatsan da na taɓa, da kaina zan kira mai babur."

Ya runtse ido da ƙarfi, ya ɗaga haɓa.

"Babban na dama."

"Ban fara ba tukuna."

"Gwada ki nake yi. Fara."

Ya jira. Yana jin kaji na tono a bayan ɗaki, yana jin wata tana daka a maƙwabta. Ya ƙara jira.

"To ki fara mana, ko sai an shuka an girbe?"

Da ya buɗe ido sai ya ga tsinken a kan yatsansa na tsakiya, ta danna shi har ya lanƙwashe, fatar wurin ta lotsa. Ko alama bai ji ba. Ya san daji sarai, ya san wanda ba ya jin ƙaya ba ya noma, kuma ran da aka ji harbi wani ne zai tsaya ɗaukarsa. Ya dubi Saliha, idonta ya cika da hawaye, tana neman yadda za ta faɗa. Tausayinta ya fi ƙarfin baƙin cikinsa, sai ya fashe da dariya.

"Kin ga ƙarfin hali ko? Ana sukata da mashi ko gezau. Ina namijin da ya kai ni?"

"Kaka…"

"A'a, ba sai kin faɗa wa babanki ba. Ni zan gaya masa da bakina, kada a ce matata ce ta kai ƙarata. Shiga ɗaki, ki duba bayan ƙofa, akwai wani ɗan gora a rataye."

Ta ɗauko. Ya cire toshiyar, ya zuba kaɗan a tafin hannunsa. Irin dawa ne, kaura, an gauraya da toka don kada ƙwari su ci.

"Na ubana ne. Da shi na gudo, na bar akuyoyi. Ga sadakinki nan."

Ta share ido da bakin mayafi.

"Sadakin ke nan? Ko mudu bai cika ba."

"Na ango marar ƙafa ai har ya yi yawa. Ki kai wa kawunki Bature, jibi zai tafi. Ya zuba min shi a gonar bakin rafi. Ki ce masa kada ya matsa kusa da tsamiya, inuwa ta yi yawa a wurin, ba ya yin kai."

"Zan faɗa masa."

"Kuma ki ce ya ware min zangarniya masu kyau, kada ya cinye irin. Baɗi da kaina zan je in duba."

Saliha ta mayar da toshiyar, ta danna ta sosai, ta rungume goran a ƙirjinta.

"To Angona," ta ce. "Na karɓi sadaki."