Baban Amarya da Haƙoran Gaba

"Wata goma sha takwas? Ni Dobrivoje, da na miƙar da kuringar inabi ɗari uku da waya a bazara ɗaya? Ku ba ni wata uku, ku sha kallo."

Haka ya faɗa a shagon shan kofi na ƙauyensu a kudancin ƙasar Sabiya, yana yashe baki don kowa ya ga wayar da likita ta ɗaura masa a haƙora. Da ka san mutumin da ba ka yi mamaki ba. Shi ne shugaban masu busa begila na ƙauyen, shi ne masanin inabi, masanin siyasa, yau kuma gogan naka ya wayi gari likitan haƙori. Haƙoransa na gaba sun hau kan juna kamar fasinjojin motar kasuwa, shekara hamsin bai taɓa buɗe baki a hoto ba. To ga shi 'yarsa tilo, Jagoda, za ta yi aure a watan Satumba, ya rantse sai ya yi dariya har kunne a hoton bikin.

Da ya koma asibiti, likita Snežana ta miƙa masa 'yan robobin da zai riƙa maƙalawa a wayar. "Kawu Dobrivoje, ɗaya a kowane gefe. Ɗaya tak. Haƙori a hankali yake tafiya cikin ƙashi."

"Na ji, 'yata," in ji shi. Bai kai bakin ƙofa ba ya gama nasa ilimin: in roba ɗaya wata goma sha takwas ce, shida ai wata uku ke nan.

Ya ɗaura shida. Baki ya ƙi buɗuwa har kwana tara, sai romo da cokalin shayi. Matarsa Milunka ta shaida wa maƙwabta cewa tun da ta shigo gidan ba ta taɓa samun hutu irin wannan ba.

Da ya ga robobi na yi masa nawa, sai ya ɗauko filayar da yake ɗaure inabi da ita, ya tsaya gaban madubi yana murɗa wayar. A haka Vukašin, amininsa da ya yi masa babban aboki ranar aurensa, ya same shi.

"Mutumina, bakin naka ne ka mayar gona?"

"Reshe da haƙori duk abu ɗaya ne. Ka ja, ka ɗaure, ya bi."

"Reshe in ya karye yana tohowa fa."

"Hassada ce ke cinka, mai kan kabewa."

Likita ta yi waya sau uku, ya ce a gaya mata yana gona. Dasashi ya kumbura, ya kurkure da barasar da yake dafawa da kansa, ya ce alamar aiki na ci ne. Ana gobe biki ya sa filaya ya ɓamɓare ƙarfen gaba ɗaya. Gaskiya dai haƙora sun jeru reras. Sai dai in ya yi numfashi da ƙarfi, biyun gaba sukan ɗan yi rangaji.

"Baba, don Allah ka bar wa Kawu Vukašin busan nan," in ji Jagoda, tsoro ya kama ta.

"Bikin 'yata, wani ya busa? Ina raye?"

Ran biki, dangin ango suka cika tsakar gida, ga rago na juyawa a kan wuta. Maigirma shugaban mabusa ya gyara tsayuwa, ya danna begila a leɓe, ya cika kumatu, ya saki iska da dukan ƙarfinsa. Begila ta yi wani kuka irin na akuyar da ƙofa ta matse, ta yi shiru. Ya girgiza ta, sai ga abu yana ƙwal-ƙwal a ciki. Vukašin ya karɓa, ya kifa ta a tafin hannunsa, haƙora biyu suka faɗo.

"Ga su, mutumina. Wallahi a miƙe suke. Wata uku cif."

Milunka ta naɗe su a hankici. Dobrivoje ya ji kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige, ga ƙanshin rago, ga shi an ajiye masa kwanon romo.

Da yamma mai hoto ya jera dangi, ya leƙa, ya ɗago kai.

"Yawwa, kowa ya yi dariya. Baban amarya, kai dai rufe bakin kamar yadda ka saba."