Kwanon Jeren Hajiya Ladi

A daminar farko bayan sojoji sun koma bariki, ruwan sama ya cika gidaje a Mandawari, gidan rediyonmu ya tura ni ɗauko rahoto. Edita ya ja mini kunne: "Labari aka aike ka, ba aikin gayya ba."

Ni kuwa lokacin ji nake sabuwar dimokuraɗiyyar nan a wuyana take. Da na ga ruwa ya kai gwiwa a gidan wata tsohuwa, Hajiya Ladi, katangar ƙasa ta fara jiƙewa, sai na ajiye rikoda a bakin taga, na naɗe hannun riga. Na hango kwanonin samira jere a kabad, na sunkuto mafi girma, na shiga kwarfar ruwa da taɓo kamar inji.

Mutanen gidan suka tsaya suna kallona. Na ɗauka jarumtakata ce ta burge su.

"Ɗan nan," in ji Hajiya, "kwanon jeren aurena ne. Tun da aka kawo ni gidan nan ko tuwo bai taɓa gani ba. Ga bokiti a bayanka."

Katanga ta tsira, da bokitan maƙwabta. Kaset ɗin da na kai ofis kuwa, daga ƙarar ruwa sai muryata ina ba da haƙuri.

Har yau in an tura ni gobara, abokan aiki cewa suke, "A ɓoye kayan jere, Mai Samira ya fito." Hajiya kuwa kowace Sallah sai ta aiko mini tuwo a kwanon da na lotsa, wai tunda mun saba.