Rasuwar Uwar Ɗaki, Akwatin Intanet na Gidan Malam Ado

Da zuciya cike da baƙin ciki, da haushin da bai huce ba, Sagir Ado na Unguwar Shanu, wanda yanzu yake Badarawa ba da son ransa ba, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Uwar Ɗaki, wato farin akwatin nan da ke ba gidansu intanet da tashoshin talabijin. Wansa Ibrahim ya ce kada a kuskura a rubuta cewa shi ya kashe ta. To, ba a rubuta ba. Za a dai faɗi yadda aka yi.

Marigayiyar ta kasance mai haƙuri da kawaici. Ba ta da surutu. Idan an kawo wuta sai ta ce "tiit", ta buɗe koren idonta, ta kama aiki. Ta kawo wa Inna tafsiri har ɗaki. Ta kawo wa samarin layi ƙwallo, har da waɗanda ba sa sallama sai ranar wasa. Shi kuwa Sagir, malamarsa ce. Sau biyu jarrabawar shiga jami'a tana kayar da shi, gidan kuma babu halin kai shi lesin. Ita ke ɗauko masa darasin lissafi a waya, ya maimaita iya son ransa, ba ta taɓa ce masa daƙiƙi ba. Akwai 'yan uwa na jini da ba za a yi musu wannan shaida ba.

Ciwon ajali ya soma ne da mai gidan da suke haya, Alhaji Yalwa, ya ce a tashi, ɗansa zai yi aure. Sagir ya je ofishin kamfanin. Aka ce masa abu ne mai sauƙi, ana mayar da layi sabon gida, sai dai rajistar da sunan Ibrahim take, shi zai buga da lambarsa ya nema. Sagir ya dawo ya faɗa masa. Nan ya yi kuskure. Maimakon ya bi ta wajen Inna ita ta faɗa, sai ya faɗa da bakinsa, kuma a gaban Anti Habiba, matar Ibrahim ɗin. Ibrahim ya tambaye shi tun yaushe ƙane ya fara aiken wa. Magana ta mutu a nan.

Sai ranar tashi, kaya na kan akori-kura, Ibrahim ya ga dama. Ya buga. Bai tambayi Sagir abin da zai ce ba, don ita ma tambayar zubar da girma ce. Ya ce musu sun bar gidan, a rufe layin. Anti Habiba shaida ce, an tambaye shi ko ya tabbata, ya ce shi ba yaro ba ne. Farantin kamo tashoshi da ke kan rufi kuma ya bar wa Alhaji Yalwa kyautar sallama, wai an zauna lafiya.

A Badarawa Sagir ya jona ta da hannunsa. Ta buɗe ido, ja. Ta ce "tiit, tiit", a hankali, kamar mai neman ruwa. Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba. Ya rungume ta ya shiga Keke zuwa ofis. Suka duba, suka ce layin da aka soke ba ya tashi. Da canjin gida aka nema, da an ba su gurbi nan take. Yanzu sai sabuwar rajista, sabo kuma layi yake bi, layin ya wuce watan jarrabawa. Jarrabawar wata mai kamawa ce.

Ta rasu ta bar talabijin, wadda ta koma madubi. Da rimot, maraya. Da faranti, wanda ke hannun dangin ango yana jiran amarya. Ta bar Inna da rediyo. Ta bar samarin layi, waɗanda tuni suka samu wani gidan, ko gaisuwa babu. Ta bar Sagir a tsakiyar darasin da bai gane ba tukuna.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar. Za a naɗe ta da igiyoyinta a kwalin da ta zo da shi, a raka ta kasuwar Panteka wajen 'yan gwangwan. Zaman makoki a ƙofar sabon gida, babu tabarma, ba a kwance kaya ba. Mai zuwa da shawarar a sayi data ya taho da ita a hannu. Mai cewa ai akwati ne kawai ya yi zamansa a gida.

Inna ta ce kafin a ɗauki gawa sai Sagir ya je ya durƙusa ya ba wansa haƙuri, don ranar da ta rasu ya ɗaga masa murya a gaban matarsa. Zai je. Amma ranar da sakamako ya fito, idan ya sake faɗuwa, shi wa zai zo ya durƙusa masa?