Ranar da Darakta Ya Karanta Kansa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Mushe Adamu, daraktan kwalejin da nake koyarwa a Agiye, ya karɓe littafin rubutuna a gaban jama'a ya ce shi zai karanta ba. Har yau in na tuna sai kunnuwana su ɗauki zafi, kunya da haushi a haɗe. Haushin ya fi yawa, don ni na jawo wa kaina.

Abin ya faro ne daga wani zauren marubuta na Wasap da aka jefa ni ciki ba a tambaye ni ba. Shugabar zauren wata Hajiya Balki ce daga Gidan Rumji. Ban taɓa ganinta ba, amma muryarta ko cikin kasuwa na ji ta zan gane. Ita ta kawo gasar: kowa ya rubuta littafin labari cikakke cikin kwana talatin, kalma dubu biyu kullum, kuma kowace safiya ka faɗa wa zaure inda ka kai. Ni da nake koyar da Faransanci aji huɗu, ga takardun ɗalibai jibge suna jiran gyara, ga yara uku a gida, ni na fara cewa na shiga. (Har hoton wuta uku na jera a bayan saƙona. Allah Ya yafe mani.)

Kafin nan ni makaranciya ce, lafiya lau. Duk Asabar muna musayar littattafai da ƙawata Madam Zule, malamar lissafi, mu zauna mu yi ta gulmar mutanen cikin labari kamar maƙwabtanmu ne. Asabar ɗin farko ta gasar ta kawo mani wani, na tura mata abinta na ce, "Riƙe, Zule. Karatu ya ƙare, yanzu ni za a karanta." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To, Allah Ya ba da sa'a."

Ban tsaya nan ba, sai da na sanar a ɗakin malamai. Darakta ya fi kowa murna. Mutum ne da ba ya iya fara magana sai ya ce "bon", wato "to" ɗin Faransanci, sau uku.

"Bon, bon, bon, Madam! Lakol ɗinmu, makarantar nan tamu, za ta fidda marubuciya. Darasinki na Alhamis da yamma ni zan riƙe maki shi har ki gama."

Ku riƙe wannan alherin a ranku, don ni ban riƙe shi ba.

Kwana huɗu labarin ya mutu. Na sa jarumata cikin motar haya daga Gazawa, na rasa inda za ta da abin da za ta je yi. Kwana uku baiwar Allah tana cikin mota ina kwatanta gonakin gero ta taga. Ga zafin bazara, ga kuran, wutar lantarki, a kawo a ɗauke, ga Hajiya Balki kowace safiya da muryarta mai sanyi: "Ƴan uwa, wasu sun wuce dubu ashirin, masha Allah. Wasu kuma muna yi masu addu'a." Na san ni ce "wasu" na biyun. Wace irin gasa ce wannan, mutum bai ci maki komai ba ki tashe shi da faɗuwar gaba tun asuba? Na ƙona miya sau biyu. Na yi wa maigidana tsawa don ya tambaye ni ina makullin babur. Ko mai kabu-kabun da ke kai ni lakol sai ya juyo ya ce, "Marubuciya, an kai ina?" in ji kamar in diro daga bayansa.

Sai wata safiya na makara da minti goma, darakta ya tsaya a ƙofar aji ya nuna mani agogonsa a gaban ɗalibai. Nuni kawai. Da aka fita shan iska na zauna na buɗe littafin rubutuna. Na sauke jarumata daga mota na kai ta aiki wata lakol, na ba ta darakta, na sa masa suna Mushe Ado. (E, Ado. Iyakar wayona ke nan.) Shafi shida na cika ban ɗaga kai ba. Ashe haushi ba ya rasa kalmomi. Washegari na faɗi adadina a zaure, Hajiya Balki ta tafa mani.

Kwana na ashirin da uku aka yi walimar sallamar wani tsohon malaminmu da ya yi ritaya. An jera benci a inuwar dogon yaro, ga iyayen yara, ga malamai har daga Gazawa. Ana cikin jawabai darakta ya miƙe ya ce yau akwai abin alfahari, marubuciyar lakol za ta ɗan gutsura wa jama'a daga littafinta. Aka yi tafi. Na ce maƙogwarona na ciwo.

"Ba komai, Madam, kawo in karanta maki."

Littafin kuwa yana kan cinyata, don ko'ina da shi nake yawo a ga marubuciya. Kafin in ƙirƙiro ƙarya ta biyu ya ɗauke shi. Ya sa tabarau, ya buɗe daidai inda na soke bik ɗin da nake rubutu da shi, ya gyara murya.

"Bon, bon, bon," ya ce, na kansa. Sannan ya dubi takarda ya karanta: "'Bon, bon, bon,' in ji Mushe Ado, yana sakace da murfin bik."

Wani ya yi tari a baya.

"'Hular kansa shekararta goma, ta fi wasu ɗaliban aji ɗaya daɗewa a duniya. Agogonsa ba ya aiki sai a kan wasu. In ya shiga buro, ofishin nan nasa, ya ce kada a dame shi yana nazari, minsharin nazarin har filin ƙwallo ake jin sa.'"

Na ga hannunsa na hagu ya tashi a hankali ya taɓa hularsa. Madam Zule ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa. Malaman Gazawa suka sunkuyar da kai, iyayen yara kuwa ba su ga dalilin ɓoyewa ba, suka fashe da dariya har wani dattijo yana buga sanda a ƙasa yana cewa, "Wallahi shi ne! Shi ne!" Ni ina zaune, gumi ya jiƙa mani baya, ina roƙon bencin ya karye ko hankali ya koma kansa.

Kuma bai tsaya ba. Sai da ya kai ƙarshen shafin, da waƙafi da aya, kamar mai ba da shifta. Ya rufe, ya ce, "Bon." Guda ɗaya. Ya sa littafin a hammata ya koma kujerarsa.

Ina isa gida na ɗauki salula na zazzage wa zauren marubuta murya ta minti huɗu. Na ce gasarsu azaba ce, an mai da rubutu awon hatsi, na daina, kada wanda ya sake yi mani addu'a. Hajiya Balki ta amsa da cewa, "Allah sarki, ba kowa aka ba ba." Na fice daga zauren da ƙarfin da na kusa fasa gilashin salular.

Da safe na shiga buron darakta. Na durƙusa na ce, "Mushe, ka yi haƙuri, sharrin gasa ne."

Ya turo mani littafin. "Tashi, Madam. Na karanta shi duka. Hular shekararta goma sha biyu, ki gyara. Amma ki gaya mani, mi yarinyar nan ta yi maki kika bar ta kwana uku cikin mota?" Na jawo littafin na rungume. Ya ce, "Yaushe rabonki da ki karanta littafin wani?" Na fara ƙirga makonni da yatsu. "To ki koma ki karanta. Kuma darasinki na Alhamis yana jiranki, daga wannan makon."

Sai da na yi wata biyu ina kewayawa ta bayan azuzuwa don kada mu haɗu. Littafin rubutun yana ƙasan akwati, jarumar tana can lakol ɗin Mushe Ado, Allah Ya ba ta haƙuri. Ni kuwa na koma karatuna, shafi goma yau, gobe uku, jibi in yi gyangyaɗi a kan na biyu, ba mai tambayata an kai ina.

Darasin da na ɗauka ɗaya ne: in za ka zagi mutum a rubuce, ka fara tabbatarwa bai iya karatu ba. Ni kuma, da rashin sa'ata, duk masu ba ni haushi malaman lakol ne.