Gawar Da Ta Rufa Mana Aji

Ranar Asabar da ta wuce na fita da guduma don in gyara ƙafar gado ɗaya, na dawo gida ina cikin dangin mamaci, har da wanda ya rungume ni yana ba ni haƙuri. Ku zauna in ba ku labari, masu karatu, don ni ma har yanzu dariyar ba ta sake ni ba.

Ni kafinta ne, shagona na kallon makarantar unguwarmu a nan gefen Kumasi. Shekara uku ke nan da iska ta yaye rufin ajin su 'yata Afrakoma. Mun rubuta takarda, mun sake rubutawa, mun kai da ƙafarmu. Duk zuwan da muka yi ofishin shugaban gundumarmu, Mai Girma Uban Alkawari, sai a ce ya ɗan fita. Ga damina ta matso, ga jarrabawa, yara kuma suna karatu a gindin mangwaro tare da awaki.

Malamarsu, Madam Pokuwa, ba ta san zama ta yi tagumi ba. An ba ta wani tsohon wasan kwaikwayo na baƙin ciki ta koyar, irin wanda sarki ke mutuwa a ƙarshe saboda taurin kansa. Da ta ga Turancin littafin ya fi ƙarfin yaran, sai ta ce kowa ya ajiye biro ya shiga rigar wani. Wata rana a zaunar da sarki a kujera a yi ta yi masa tambayoyi. Wata rana ta daka tsawa kowa ya sandare yadda yake, ba motsi sai ta tafa hannu. Afrakoma da ba ta iya haɗa jimla biyu a gaban baƙo ta zama sarauniya, yanzu ko gishiri za ta nema a gida sai ta ɗaga haɓa.

Maƙwabcina Wofa Boateng, mai sayar da kenke, dokunun masarar nan, ya ce wannan ba karatu ba ne, lalata yara ne. Shi ne kuma kullum na farko a kan bencin 'yan kallo.

To, Asabar aka sa don gwada fitowar ƙarshe, ta makokin sarki, a filin makaranta da ke bakin titi. Madam ta ce a yi shi irin namu, don yaran su ji shi a jikinsu. Iyaye suka ba da aron zannuwan makoki, ja da baƙi, aka samo mai ganga, ni na kawo gado. Yaw Donkor, yaron da ya fi kowa surutu a ajin, ya miƙe a kai aka lulluɓe shi. Yaran nan suka ɓarke da kuka, wallahi sai da idona ya kawo ruwa, ni da na ga gawar tana cin gyaɗa minti biyar da suka wuce.

Kun dai san manyanmu da ranar Asabar. Ofis ba ya ganinsu, amma babu makokin da ke wuce su, don a nan jama'a take, a nan kuma mai ɗaukar hoto yake. Ana cikin kukan sai ga motoci huɗu sun rage gudu, sun dawo da baya. Wa zai fito? Mai Girma da kansa, cikin baƙin zane mai tsada, ga mai kyamara a bayansa. Mutumin da na nema shekara uku ya zo ya miƙo mini hannu, ya bi layi daga dama zuwa hagu yadda al'ada ta ce.

Madam ta rikice, ta yi tsawar nan tata, yara suka sandare. Ta buɗe baki za ta yi bayani, Wofa Boateng ya taka mata ƙafa.

Mai Girma bai tambayi kowa komai ba, don babba ba ya tambaya. Ya ji an ambaci Nana, yadda muke kiran sarki, ya ga kambin kwali a kan gado, shi ke nan. Ya karɓi lasifika ya ce marigayin amininsa ne, ko makon jiya sun yi waya. Ya ce mutum ne mai sauraron shawara, alhali mun yi wata biyu muna kallon yadda ƙin jin shawara ya kashe shi. Ni kuwa idona na kan ƙafar Yaw, don na hango tururuwa ta kama hanyar hawa gadon. Yaron nan ko ɗan yatsa bai motsa ba.

Da ya gama sai ya juya wajen Afrakoma, da yake ita ce a gaba, ya dafa kanta.

"'Yata, me Nana ya bari da bai cika ba? Faɗa mini, ni zan cika."

Yarinyar nan ta ɗaga haɓa, ta nuna ajin da yatsa, ta ce cikin muryar sarauniya, "Ranka ya daɗe, kullum kukansa rufin can ne. Ya ce ba zai kwanta lafiya ba sai an rufa shi."

Ba ƙarya ta yi ba, Yaw ya fi kowa ƙorafin rana. Mai Girma ya dubi kyamara, ya dafa ƙirji, ya rantse kafin mako ya zagayo an gama. Sai da ƙurar motarsa ta kwanta Madam ta tafa hannu, marigayi ya diro yana sosa ƙafa yana neman sauran gyaɗarsa.

Da yamma hoton ya zaga gari. Na ce wa Wofa gobe za a zo a kwashe mu. Ya ce, "Kwaku, kai dai ka wasa zartonka. Wa zai fito ya ce ya yi wa ɗan aji biyu ta'aziyya?"

Ranar Laraba kwano ya iso, da katako, da ƙusa har ta yi saura. An haɗo da allo mai ɗauke da sunan sarkin littafin, wai don tunawa da babban amini. Ni na kafa shi da hannuna, kuma ina yaba wa Mai Girma, mutum ne mai riƙon zumunci da matattu.

Jiya ma'aikaciyar ɗakin shan maganin unguwa ta leƙo shagona a kunyace. Ta ce famfonsu ya shekara biyu ba ruwa, ko Yaw yana da wani aiki Asabar mai zuwa.